Dokar Babban Yatsa ta Kawu Kundi

Mai karatu, tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da ka karanta dogon saƙo a waya tun daga farkonsa har ƙarshensa? Kada ka yi saurin rantsuwa. Ni na san mutumin da ya kafa doka a kan tsawon saƙo, ya wulaƙanta bayin Allah saboda ita, alhali shi kansa bai taɓa wuce layi na uku ba. Ƙanen mahaifiyata ne, don haka ba jita-jita na kawo muku ba.

A unguwarmu muna da zaure a waya da ake kira Zauren Shawara. Aikinsa ɗaya ne. In ka kai gyara ko ka yi sayayya, ka dawo ka gaya wa maƙwabta abin da ka gani: wane makanike ne mai gaskiya, wane kanti ne ke sayar da jabu, wane mai gyaran firiji ne zai mayar maka da shi akwatin ajiye takalma. Wanda ba ya cikin zauren tamkar makaho ne a sabuwar hanya, kowa ya san inda rami yake, shi kaɗai zai faɗa.

Kawu bai zama shugaban zauren don an zaɓe shi ba. Wanda ya buɗe zauren ne ya tashi daga unguwar, ya danna sunan da ya fara gani, ya yi gaba. Washegari Kawu ya sayi sabon tabarau. Da ma tun yana aikin ofis ake kiransa Kundi, domin an ce an taɓa tambayarsa ko fankar ofis tana aiki, ya ba da amsa a rubuce, har sai da aka nemo igiya aka ɗaure takardun.

Wata ranar hutu ya tara mu a barandarsa, ni da yayata da matarsa Anti, ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Na binciki zauren nan," in ji shi, "na gano cuta biyu. Ta farko, yawancin mutane sun yi gum kamar an aiko musu da sammaci. Ta biyu, masu maganar ma tsuguna-ka-tashi suke yi. Na samo magani. Zan ƙaddamar da Gangamin Buɗe Baki, kowane mai kunya sai ya yi magana. Sannan daga yau akwai Dokar Babban Yatsa. Duk sharhin da ban tura shi sama da yatsana sau biyar ba kafin ya ƙare, ba sharhi ba ne, gogewa zan yi."

Na ce, "Kawu, wanda ya kasa ɗaukar tulu ne za ka ɗora wa randa? Mai jin nauyin faɗin kalma biyar ka ce ya kawo ɗari biyar?"

"'Yar nan, ke digirinki na takarda ne, nawa na gogewa ne. Ni da kike gani na taɓa sa bebe ya yi magana a ofishinmu."

"Ƙwarai," in ji Anti, ba ta ko ɗaga kai daga tsintar da take yi ba. "Cewa ya yi ka yi shiru."

Kawu ya yi kamar bai ji ba. Wannan baiwa ce da Allah ya ba shi tun yana yaro.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Yaya. A ɗakin gwajin jini take aiki a asibiti, kuma ta fi ni karatu, amma in ta yi sallama ƙofa ce kawai ke ji. Ta daɗe a zauren tana karanta komai, ba ta taɓa saka ko ɗigo ba. Da ta ji Kawu yana ta kiran masu shiru su fito, sai ta ɗauka da gaske yake. Ta yini tana rubutawa tana gogewa, har daga ƙarshe ta rufe ido ta aika. A wurin aikinsu an taɓa hayar rumfa daga mai rumfa na bakin kwana, ta ga abin da ya faru. Ga abin da ta rubuta:

"Rumfunan mai rumfa na bakin kwana ba sa jure iska. Ba ya kafa turaku, duwatsu yake ɗorawa."

Ta ajiye wayar tana murmushi kamar wadda ta haye kogi. Ban taɓa ganin wannan murmushin a fuskarta ba.

Kafin murmushin ya gama sauka saƙon ya ɓace. Sai ga saƙon murya daga Kawu, a gaban kowa da kowa:

"Jama'a, yanzun nan na goge wani abu. Wannan ba sharhi ba ne, atishawa ce. Ina gabatarwa? Ina tarihin rumfa? Ina godiya ga shugaba? Ko da yake 'yar 'yar'uwata ce, doka ba ta san dangi ba. Na ba ta zuwa ranar babban taron da zan kira ta faɗaɗa shi, ta karanta a bainar jama'a. In ba haka ba, waje."

Wasu marasa aikin yi suka jero fuskokin dariya. Yaya ta kife wayar a kan katifa, ta tashi ta hau wanke kwanonin da aka riga aka wanke.

Na zari mayafi na nufi gidan Kawu.

"Kawu, kai ka ce su yi magana. Ta yi, ka tsinka ta a kasuwa. Wannan zalunci ne, ko da wane suna ka raɗa masa."

"Ƙarfafa gwiwa ake kiransa."

"Da sanda ake ƙarfafa gwiwa?"

"Ƙarfe ma sai an buga shi yake zama adda."

"Yaya ba ƙarfe ba ce, mutum ce. Kuma abin da ta faɗa gaskiya ne."

"Gajeriyar gaskiya," in ji shi, yana ɗaga yatsa sama, "rabin ƙarya ce. Rubuta wannan, za ki buƙace shi."

Na dawo gida na ce wa Yaya ta bari ni in rubuta mata shafuka, in cika su da iska kamar yadda yake so. Ta girgiza kai.

"Abin da na gani ke nan," in ji ta a hankali. "In na ƙara, ƙarya zan ƙara."

Dokar ta fara aiki, zauren ya kumbura. Wanda zai ce taya ta yi kyau sai ya fara da gaisuwa ga iyaye da kakanni, ya bi ta kan yanayin gari, ya yi addu'a ga matafiya, sannan ya iso kan taya in bai manta ba. Mutum ɗaya ne kakarsa ta yanke saƙa, wato mai askin unguwa. Shi da ma in ya kama kanka ba ya saki sai labari ya ƙare, har akwai waɗanda suka shiga aski suka fito gashi ya fara tsirowa. Yanzu ya sami shagon da ba a rufewa.

Sharhinsa na farko a kan wani mai gyaran famfo ne. Ya fara da cewa mutumin kirki ne mai fara'a, ya gaishe shi har ƙasa, ya tambayi lafiyar yara. Daga nan ya shiga labarin yadda aka fara kawo ruwan famfo layinsu, da rigimar da aka yi a kan bokiti, da surukinsa da ya taɓa faɗawa kwata. Malamar lissafi, maƙwabciyarmu, ta karanta farkon, ta ga fara'a da ladabi, ta kira mutumin ya gyara mata famfon kicin da ke ɗiga.

Da rana tsaka muka ji ihu. Muka fito muka tarar ruwa na fitowa ta ƙofar gidanta kamar an fasa madatsa, takalman 'ya'yanta na iyo a layi, ita kuma ta tattare zani tana riƙe da takardun jarrabawar ɗalibai a ka. Kawu ya iso da tabarau.

"Shugaba," in ji Malama, "zaurenka ne ya ce mutumin kirki ne!"

Mai aski ya leƙo daga bayan jama'a da almakashi a hannu. "Haba Malama, ai na faɗa. A can ƙasa na ce kada kowa ya kuskura ya kira shi, gidana ma sai da muka kwana a kan tebur."

"A can ƙasa? Ni rijiya zan haƙa kafin in ji gargaɗi?"

Kawu ya ce, "Laifinki ne, Malama. Mai ilimi ba ya tsayawa a rabin hanya."

"Kai ka karanta har ƙarshe?"

"Ni shugaba ne. Awo nake yi." Ya nuna mata babban yatsansa, kamar wanda ke nuna takardar shaida. "Sau tara na tura. Sharhi ne na gani na faɗa."

Malama ta dube shi, ta dubi ruwan, ta ce wani abu da ba zan rubuta ba. Gajere ne, amma kowa ya fahimta.

Wani zai ce daga nan Kawu ya saduda. Wanda ya faɗi haka bai san Kawu ba. Sai ma ya ce gangamin bai yi zafi ba ne. Kullum da safe ya riƙa kiran masu shiru ɗaya bayan ɗaya a zauren: "Tela, mun ga ka karanta, me ya riƙe bakinka? Mai kanti, kana raye?" Da hakan bai yi ba, ya fara bi gida-gida. Tela, wanda kunya ke hana shi tambayar mutum faɗin ƙugunsa, ya hango shi daga nesa ya shige ƙarƙashin teburin yanka. Kawu ya zauna a shagon ya ce zai jira, ya yi wa kujera lacca a kan muhimmancin bayyana ra'ayi, har ƙafar Tela ta sage ya fito da rarrafe.

"Me kake yi a ƙasa?"

"Allura nake nema, ranka ya daɗe."

"Madalla! Ka rubuta mana sharhi a kanta."

A daren Tela ya fice daga zauren. Mai kanti ya bi shi. Sai matar direba, sai wasu da ban ma san suna ciki ba. Kullum waya na nuna wane ya fita, wance ta fita. Na kai wa Kawu wannan hujja, ina zaton ko dutse zai ji.

"Sun tafi neman kalmomi ne," in ji shi. "Za su dawo da kaya."

Ranar babban taro ta matso. Kawu ya raɗa masa suna Taron Karrama Dogon Sharhi, ya ce a filin da ke gaban gidansa za a yi. Ya aika a kirawo duk waɗanda suka fice, ya ce an tanadar musu benci na musamman a gaba, don a ƙarfafa musu gwiwa ido da ido. Da Anti ta tambaye shi inda zai samo rumfa, ya ce, "Wurin mai rumfa na bakin kwana mana."

Na ce, "Kawu! Shi ne fa wanda Yaya ta yi gargaɗi a kansa."

"Atishawa ba hujja ba ce. Mai aski ya yi masa sharhin da sai da yatsana ya yi tsami. Mutumin da aka yi wa rubutu mai tsawon nan ai ba ƙaramin mutum ba ne. Sharhin ma shi ya ci gasar, ni da kaina zan karanta shi a lasifika."

"Ka duba ƙarshensa?"

"Ba a ɗanɗana miya daga gindin tukunya, 'yar nan."

Na roƙi Yaya kada ta je. Ta ce kawunta ne ya kira ta, kuma in za a kore ta, gara a kore ta tana tsaye. Muka tafi tare, ni ina tafasa, ita tana kallon ƙasa.

Fili ya cika, domin mutanen unguwarmu ba sa barin kallo kyauta ya wuce su. Babbar rumfa mai launin shuɗi ta rufe kowa. A gaba ga bencin masu shiru: Tela, mai kanti, matar direba da Yaya, sun jeru kamar masu jiran allura. A gefen Kawu ga mai rumfa da kansa, babban baƙo, ya sha sabuwar riga yana ɗaga wa mutane hannu. Daga gabas kuwa hadari ya fara haɗuwa.

Kawu ya hura lasifika, ya yi jawabin buɗewa wanda ya kai wasu tsofaffi ga gyangyaɗi, sannan ya ce, "Kafin mu zo kan masu laifi, ku saurara ku ji yadda ake sharhi." Ya ɗaga waya ya fara.

Sharhin ya soma da ranar da aka haifi mai aski. Ya bi ta kan yadda ya koyi sana'a, da reza ta farko da ya saya. Can aka iso ranar da ya tafi hayar rumfa, amma a hanya ya gamu da wata akuya mai kama da ta kakarsa, sai aka koma kan kakar. Mai rumfa na ta gyaɗa kai yana jiran a zo kansa. Iska ta fara kaɗa gefen rumfar.

Mai aski ya soma mutsu-mutsu a kujera. "Ranka ya daɗe," in ji shi, "da ka ɗan tsallaka zuwa ƙarshe."

"Ba a tsallake a zaurena!"

"To ko a bar shi haka, jama'a sun gamsu."

"Ka ji tawali'u," in ji Kawu ga jama'a. "Ku yi koyi." Ya ci gaba da akuya.

Ni ina kallon Yaya. Ba ta sauraron komai, ƙafafun rumfar take kallo. Babu turke ko ɗaya. Kowace ƙafa an jingina mata dutse, wata ma rabin bulo ne. Iska ta sake bugowa, ƙafar kusa da ita ta ɗaga ta dawo. Yaya ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Lokacinki bai yi ba," in ji Kawu. "Masu atishawa sai ƙarshe."

Ta sauke hannun. Ta dubi yaran da ke zaune a ƙasa a tsakiyar rumfar, ta dubi tsofaffin da ke gyangyaɗi. Ƙafar ta sake ɗagawa, wannan karon ba ta dawo daidai ba. Sai Yaya ta miƙe. Yayata, wadda ƙofa kaɗai ke jin sallamarta, ta buɗe baki ta yi wata tsawa da ta danne lasifika:

"Ku fito! Rumfa!"

Ba wanda ya tambayi gabatarwa. Ba wanda ya nemi tarihin rumfa. Iyaye suka suri yara, tsofaffi suka farka a guje, Tela ya ɗauke matar direba da benci gaba ɗaya ba tare da ya sani ba. Wanda ya riga kowa fita shi ne mai rumfa, kuma bai tsaya a filin ba.

Kawu kaɗai ya rage.

"Ku dawo!" ya yi kira. "Wannan magana ba ta cika ƙa'ida ba! Saura kaɗan, ga shi na iso ƙarshe!" Ya tura yatsa ya ɗaga murya, lasifika ta watsa wa unguwa duka: "A taƙaice dai, jama'a, mutumin nan ba ya kafa turaku, duwatsu yake ɗorawa. Duk wanda ya zauna a ƙarƙashin rumfarsa ranar iska, to ya fara barin wasiy..."

Rumfar ta yi sama kaɗan, kamar mai neman izini, sannan ta kife a kansa.

Shuɗin tamfol ya kumbura a tsakiya, ya motsa hagu, ya motsa dama. Lasifika ba ta mutu ba. Daga ciki muka ji murya ƙarama:

"A taimaka!"

Maza suka yunƙura. Anti ta ɗaga hannu ta tsayar da su, ta matsa kusa da tamfol ɗin, ta sunkuya.

"Malam, lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau! A ɗaga!"

"To gajere ne. A faɗaɗa."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Malamar lissafi sai da ta zauna a ƙasa. Ta ce a tambaye shi gabatarwa, mai kanti ya ce ina godiya ga masu ɗagawa, har Tela, Tela da kansa, ya ce da ƙarfi, "Atishawa ce!" sannan ya rufe baki da hannu don mamakin kansa.

Yaya ce ta fara kama gefen tamfol ɗin. Da aka ga haka kowa ya sa hannu. Kawu ya fito da rarrafe, babu hula, tabarau ya rataye a kunne ɗaya, ko ƙwarzane bai yi ba. Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya dubi jama'a.

"Kun gani?" in ji shi. "Na ce zan sa ta yi magana, ta yi ko ba ta yi ba? Da ma duk shiri ne."

"To shugaba," in ji Malama, "tunda shiri ne, kalma uku ta faɗa. Za ka kore ta?"

Jama'a suka zuba masa ido. Yaya na tsaye riƙe da hularsa da ta tsinto. Kawu ya dubi babban yatsansa, ya dubi rumfar, ya buɗe baki zai fara jawabi, sai ruwa ya sauko. A iya sanina wannan ne karo na farko da ya taƙaita.

"An soke dokar," in ji shi, ya karɓi hularsa ya ruga gida.

Da yamma waɗanda suka fice suka fara dawowa. Mai aski ya yi alkawarin riƙa sa gargaɗi a sama, akuya a ƙasa. Yaya ta zauna a bakin katifa, ta sake rubuta saƙonta na farko, kalma da kalma, ba ta ƙara ko wasali ba. Ta aika da ido buɗe. Amsar farko daga Tela ta zo: "Mun gode." Kawu ma ya amsa, da saƙon murya mai tsawo, wanda har yau ba a sami wanda ya buɗe ba.

Yanzu ku da kuke karanta wannan, kowannenku yana cikin wani zaure, kuma a kowane zaure akwai mai irin halin Yaya, yana karantawa, yana rubutawa yana gogewa. Kada ku kira sunansa a gaban jama'a, kada ku bi shi gida. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya aiko da layi ɗaya, ku karanta, ku ce kun gode, tun kafin wani Kundi ya ɗaga yatsa. In kuma ku ne masu dogon bayani, ku sa gargaɗin a layin farko. Ku ɗauki wayoyinku yanzu, ku nemo gajeren saƙon da kowa ya tsallake, ku ba shi amsa.